Abin da Ya Rage na Muryar Inna

"Sunansa kawai na ce a cire!" in ji Sagiru, yana dukan tebur.

"Yaya, ba sunansa kaɗai ka cire ba," in ji ƙanwarsa Mansura, idonta na kan allo. "Zauna in nuna maka ɓarnar da ka yi."

A Sabuwar Zariya ta wancan zamani, kowane gida yana da Taskar Murya a jikin bango. Tsoho zai yi ta yi mata hira har ya rasu, ita kuma ta adana maganarsa a rubuce. In an yi kewarsa sai ta karanto da muryarsa sak. Tasu Sagiru, hirar mahaifiyarsu ce, marigayiya Inna.

To, unguwa kaf an san Sagiru ba ya ga maciji da autansu Nafi'u, tun wata rigima da suka yi a kan filin jirage marasa matuƙi. Kullum ya kunna Taskar, sai Inna ta ce Nafi'u kaza, Nafi'u kaza. Mutumin naku ya ƙule. Ya faki idon Mansura, wadda ita ce injiniyar gidan, ya rubuta wa na'urar umarnin nema da sauyawa da hannunsa.

"Ka ga wannan ɗigon da tauraron?" Ta nuna masa a cikin umarnin da ya rubuta. "Ma'anarsu, kwashe komai. Nufinka daga sunan Nafi'u zuwa ƙarshen jimla. Amma alamar nan haɗama gare ta. In ba a taka mata birki ba, ba ta tsayawa a aya ta farko, sai ta ƙarshe. Daga inda Inna ta fara ambatonsa har ranar da ta yi shiru, duk ta share."

"To dawo da kwafin mana!"

"Wane kwafi? Kai ka goge shi, wai kada sunan ya ɓuya a wani wuri."

Sagiru ya zauna a hankali. "Me ya rage?"

Mansura ta miƙe. Ta taɓa bangon. Muryar Inna ta cika ɗakin, har da ɗan tarin nan nata.

"Sannunku, yarana. Ku kira mini..."

Shiru.

"Sake kunnawa," in ji shi.

Ta sake. Nan dai muryar ta tsaya, daidai inda sunan zai fito.

"Shekarunta duka, ga abin da ka bar mana," in ji Mansura, tana ɗaukar mayafinta.

"Ina za ki?"

"Kiran wanda ta ce a kira."

Ta fita, ta bugo ƙofar garam.