Ta Ina Kike Kirana, Tahlia?

Gyaran wuta ne ya kai Rowan Kinsella ɗakin binciken da Tahlia take aiki a Newcastle. Yana kan tsani ya ji wata ƙara kamar ana suyar gugguru, ya diro a firgice, ya ɗauka wayar wuta ce ke ci. Tahlia, budurwar da ke bakin madubin likita, ta yi masa dariya har da riƙe ciki.

Ta ce ya kwantar da hankalinsa, ƙwayar ƙwaƙwalwar ɓera ce ɗaya tak, irin mai karɓar sauti, ta haɗa ta da lasifika. Kowace ƙwaya tana da 'yan ƙofofi da sinadarin fotashiyam yake fita ta ciki. Idan suna buɗewa da sauri, ƙwayar za ta harba saƙo ta sake shiri nan take, da haka ƙwaƙwalwa take gane kunnen da ya riga jin sauti, mutum ya san inda aka kira shi. In ƙofar ta yi nawar buɗewa, shi ke nan, zai ji kira amma bai san ta ina ba.

Rowan ya daina murmushi. Ya ce babansa haka yake, a kira shi ta dama ya juya hagu, ga tangaɗi in yana tafiya. Tahlia ta san ciwon, ta kuma san gadonsa ake yi: ɗa yana iya ɗauka, yana iya tsira, rabi da rabi.

To, zuciya ba ta jin karatu. Kafin wata ya zagayo yana ce mata Mai Ɓeraye, tana ce masa Sarkin Tsani, kullum yamma suna bakin teku da soyayyen kifi da dankali a takarda.

Matsala ta taso ranar gashin nama a gidansu Tahlia. Mahaifiyarta Mama Voula, Bagirkiya mai baki kamar reza, ta ga baban Rowan yana dafa bango, ta ɗauka maye ne. Da ta ji gaskiya sai ta ce ai gara mayen. Ta yi kuka, ta yi rantsuwa, ta fara gayyato wani likitan haƙori cin abinci duk Lahadi don ta haɗa shi da Tahlia, bawan Allah mai hirar dasashi a kan tebur.

Tahlia ta roƙi Rowan ya yi gwajin jini, ya ƙi. Tsoro yake ji, ya kuma faɗa mata hakan. Ita ma tsoron ne ya hana ta matsa masa. Sai ta koma satar kallon tafiyarsa, in ya yi tuntuɓe ta kasa cin abinci.

Wata Asabar suka hau dutse a dajin Barrington. Rowan ya ratse neman hanyar rafi, hazo ya sauko ya rufe ko'ina, ko tafin hannu da ƙyar ake gani. Waya kuwa babu sabis. Ta yi kiran da kowa ya koya tun yana yaro, kuu-wii, ya amsa. Ta sake, ya amsa, amma muryar ta ƙara nisa. Ta sake, ta ƙara nisa, kuma ta ɓangaren da dutsen ya yanke.

Nemanta yake da gaske, yana jin ta sarai, yana tafiya inda ba ta nan.

"Rowan, tsaya! Zauna a inda kake!"

"Ta ina kike, Tahlia? Ina jin ki ko'ina."

"Kar ka neme ni. Ka yi ta kira, ni zan zo."

Ta bi muryarsa da rarrafe cikin jiƙaƙƙen ganye, gwiwoyi duk sun kurje. Ta same shi zaune ya rungume itace, bakin ramin na nan kusa da takalminsa. Ta kama hannunsa ta ja shi baya, ta riƙe shi har suka isa mota.

Ya je ya yi gwajin. Ya gada. Ranar bai iya zuwa ba, sai saƙo:

"Mai Ɓerayena, Mama ta yi gaskiya. Kin fi kowa sanin abin da ke gabana. Na haƙura da ke da zuciya ɗaya, ki yafe mini."

Ta karanta ta yi kuka mai isarta, sannan ta rubuta:

"Sarkin Tsani, na san abin da ke gaba, kuma wallahi ina jin tsoro. Amma tsoron rasa ka ya fi. Ka sa riga mai kyau, gobe za mu wurin Mama."

Mama Voula ta ce ba za ta hana ba, ba kuma za ta yi murna ba. Ranar aure haka ta zo coci fuska a ɗaure, ta zauna a gaba kamar an yi mata dole.

Aka ɗora musu kambin aure biyu da zare ɗaya ya haɗa, limamin coci ya ja su zagayen tebur, takun farko na miji da mata. Abin da Rowan ya kwana biyu yana fargaba ke nan. A zagaye na biyu ƙafarsa ta kauce, kambin ya karkace. Tahlia ta ƙara riƙe hannunsa.

Sai ga Mama Voula ta miƙe, jaka a hannu, abin da uwar amarya ba ta yi. Ta gyara masa kambin, ta dafa bayansa da tafinta, hawaye na zuba.

"Taka, ɗana," ta ce. "Ina bayanka. Allah ya yi muku albarka."

Da hannunta a bayansa suka ƙarasa zagayen.