Ƙwan da Gwadabe Ya Dafa

Gab da kiran magariba Gwadabe ya zagaya bayan gida don ya kwashe hulunan da ya shanya. Wankin hula ne sana'arsa tun yana saurayi, kuma duk unguwar Zaitawa an san hannunsa. Bayan gidan nasu kango ne da ya zube tun zamanin kakansa. Babu komai a ciki sai tsohuwar rijiya da aka rufe da langa-langa, da murhun da yake dafa sitaci, da agwagin Gwaggo 'Yardada.

Agwagin nan sun zame masa ƙarfen ƙafa. Sai su shiga kwata su yi wanka, su fito su tsaya kusa da farar hula su karkaɗe fiffike. Ya yi faɗa har ya gaji. Gwaggo ƙanwar mahaifinsa ce, ta dawo gida bayan rasuwar mijinta, ba ɗa ba jika, ga yanar ido ta rufe mata gani. Agwagin ne abokan hirarta. Tana da gadonta a gidan, don haka babu halin ya ce ta kwashe su.

Ya sunkuya zai ɗauki hular ƙarshe, sai ya ji huci a gindin rijiya. Baƙar agwagwar ce ta lafe a wani lungun bango, ta tsige gashin ƙirjinta ta yi shimfiɗa. Ta hau kwanci.

"Goma sha ɗaya ne," in ji Gwaggo daga bayansa, tana dogara sanda. "Da hannuna na lalube su. In Allah ya so, kwana talatin da biyar za ka ji gidan nan ya cika da kukan 'ya'ya."

"Haba Gwaggo, bakwai ɗin ma sun ishe ni masifa."

"Ka yi haƙuri, ɗan nan. Rai gare su."

Gwadabe ya kwana yana saƙa da warwara. In ya fasa ƙwan, bayan mako biyu za ta sake zuba wasu. Sai wata dabara ta faɗo masa, har ya yi murmushi shi kaɗai.

Kwana goma da fara kwancin, da hantsi, agwagwar ta tashi shan ruwa kamar yadda ta saba, ta lulluɓe ƙwan da gashi. Gwaggo tana ɗaki tana lazimi. Ruwan sitacinsa kuwa yana tafasa a kan murhu. Ya yaye gashin, ya kwashe ƙwan a cikin rigarsa.

Goma sha biyu ya gani. Ɗayan ya fi sauran girma, launinsa kamar toka, ga nauyi kamar dutsen guga. Ya ce a ransa tsohuwa ce ta yi kuskuren ƙirga. Ya zuba su duka a tukunya.

Ruwan yana ɓararraka, sai ya ji ƙwas, ƙwas, ƙwas, daga cikin tukunyar, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofa da farce. Ya ƙara itace. Can sai ƙarar ta tsaya.

Ya tsame su, ya bari suka huce, ya mayar ya lulluɓe. Agwagwar ta dawo ta gyara su da bakinta ɗaya bayan ɗaya, ta kwanta.

Kwana talatin da biyar suka cika, shiru. Arba'in suka wuce. Agwagwar ta daina tashi ko shan ruwa. Ƙashin ƙirjinta ya fito, idonta ya zurma. Kullum Gwaggo sai ta lallaɓo da jiƙaƙƙiyar dusa a murfin kwano, ta durƙusa tana roƙonta.

"Tashi ki ci, baiwar Allah. Baragurbi ne, ki haƙura."

Gwadabe yana gefe yana goge hula, yana danne dariya. Ko matarsa Hadiza bai gaya wa ba. Ita tana can ɗaki da cikin wata takwas, na fari bayan shekara tara ana jira, kuma ya san da ta ji za ta yi masa kuka.

Ranar kwana na hamsin, hadari ya haɗo daga gabas ana shirin magariba. Ya tuna akwai hulunan wani ango guda uku a waje. Ya zura takalmi ya zagaya.

Kangon ya yi tsit. Sauran agwagin sun taru a lungu guda, sun juya wa rijiya baya.

Sai wari ya buge shi. Ba na ruɓa ba. Warin dafaffen ƙwai ne, sabon saukewa.

Ya dubi murhu. Toka ce mai sanyi.

Sannan ya ji kuka, siriri, daga gindin rijiya. Tsiyau. Tsiyau.

Ƙafarsa ce ta kai shi, ba shi ba. Agwagwar tana nan a kwance, wuyanta ya langaɓe, tururuwa na shiga idonta. Ta daɗe da mutuwa. Amma fiffikenta yana motsi.

Na farko ya fito daga ƙarƙashinta. Fari fat, ba gashi ko ɗaya, jikinsa yana sheƙi, tururi na tashi daga bayansa. Idanunsa farare. Na biyu ya biyo shi. Na uku.

Suka jeru a gabansa, suka ɗaga kai.

Langa-langar rijiyar ta yi ƙara. A hankali ta zame gefe.

Mace ce ta hauro, doguwa, da zane ɗaurin ƙirji, ruwa yana zuba daga gashinta. Ba ta dube shi ba. Ta tsuguna ta ɗaga gawar agwagwar da hannu biyu kamar mai ɗaukar jariri, ta ajiye gefe. Ta ɗauko ƙwan nan mai launin toka, ta kara a kunnenta.

Ta daɗe tana saurare.

Ta sa farce ta ɓare shi. Gwadabe ya ga abin da ke ciki. Ɗan hannu ne, da yatsu biyar, a dunƙule.

"Ajiya na ba agwagwar nan," in ji matar, muryarta ƙasa-ƙasa kamar daga cikin randa. "Mu na ƙasan ruwa ba mu da ɗumin jiki. Shekara arba'in ina jiran wannan."

Ya buɗe baki zai ja Ayatul Kursiyyu. Harshensa ya manne a ganɗa.

"Ya ƙwanƙwasa maka," ta ce. "Ka ji shi?"

Gwadabe ya girgiza kai.

"Ka ji. Ka ƙara itace."

Ta kama wuyan hannunsa. Sanyin ya shiga har ɓargo. Ta ja shi bakin rijiya. Ruwan da ya sani can ƙasa ya hauro har baki, yana tafasa, yana tumbatsa. Tururin ya daki fuskarsa. Ta danna hannunsa ciki.

Ihun bai fito ba.

Ta dafa ƙeyarsa. Goshinsa ya kusa taɓa ruwan.

Ƙwas. Ƙwas. Sandar Gwaggo ce a bakin kango.

"Salamu alaikum, masu wuri," in ji tsohuwar. "Ba na gani, amma na ji ku. Ɗan yayana ne. Ko me ya yi, don Allah ku bar mini shi."

Daga masallacin lungu ladan ya ɗaga murya.

Hannun da ke ƙeyarsa ya sassauta. Matar ta sunkuyo har gashinta mai sanyi ya taɓa kunnensa.

"Je ka," ta raɗa masa. "Na ji akwai mai kwanci a ɗakinka."

Ya fizge, ya yi tuntuɓe da murhu, ya bangaje tsohuwar da ta cece shi har ta faɗi, ya yi cikin gida da rarrafe. Ruwan sama ya kece.

Da safe maza suka shiga kangon. Rijiya tana rufe, ruwanta yana can ƙasa, sanyi ƙalau. Babu gawar agwagwa, babu ɓawon ƙwai. Gwadabe ya faɗi abin da ya aikata a gaban kowa, hannunsa naɗe da tsumma. Gwaggo ta saurara har ƙarshe. Kafin azahar ta sa aka ɗora mata kayanta da agwaginta a adaidaita sahu, ta koma wurin dangin mijinta a Yakasai. Ba ta sake taka gidan ba.

Hannun ya warke, sai dai yatsun sun manne da juna, ba ya iya riƙe buroshin wankin hula. An cike rijiyar da ƙasa, an yi saukar Alƙur'ani, an yi sadaka.

Wata tara ya cika wa Hadiza, babu naƙuda. Goma ya wuce. Tsofaffi suka ce cikin ne ya kwanta. A asibiti aka sa rana za a yi mata aiki, sau uku, kuma duk ranar sai zazzaɓi ya rufe ta har likita ya ce ba zai iya sa mata wuƙa ba. An yi hoto, an ce yaron yana raye, zuciyarsa na bugawa.

Yanzu wata na goma sha huɗu ke nan. Hadiza ta rame, ba ta son tashi daga inda take kwance, ko abinci sai an roƙe ta. Wani lokaci takan kamo hannun mijinta mai lafiyar, ta ce, "Malam, taɓa ka ji, yana motsi."

Gwadabe yakan taɓa, don ba shi da bakin ƙi. Cikin nata zafi rau, kamar tukunyar da aka sauke yanzu.