Labulen Umma

Saura ƙiris in fasa rubuta wannan labari, don mai shi ta sha kallon mutane har ya ishe ta.

"Ka ce babu wanda zai gane ni!"

Auta ce ta faɗa, tana miƙa wa saurayinta mai kyamara wayar. Mai kyamara bai karɓa ba. Yana tsaye a ƙofar ɗakin ɗinkin Ummanta, kansa a ƙasa.

Fim ɗinsa ne a wayar, wanda ya yi a kan 'yan matan da shan maganin tari ya kama. Shi ya ɗauka, shi ya tace, shi ya sa a intanet, ba kamfani ba ubangida. Wajen neman masu magana ya haɗu da Auta, lokacin ta daina sha da ƙyar. Kowa ya ƙi zama gaban kyamararsa, ita ta zauna, don tana sonsa.

"Rabin raina, wallahi na rufe fuskarki. Muryar ma na sauya, sai ka ce ta ƙaton gardi..."

"Labulen fa?"

Ya ɗago ya kalli tagar ɗakin.

A cikin fim ɗin, bayan kujerar da ta zauna, labulen taga ya fito tar. Umma ce ta haɗa shi da ragowar yadin matan layin. 'Yar gwaggonsa, wadda ta daɗe tana mafarkin aurensa, ita ta fara hango ƙyallen rigarta a jikin labulen. Ta tsayar da hoton ta tura wa mata. Kafin yamma kowacce ta gane nata.

"Mamanka ta gani?"

"Ta gani. Ta ce ba za ta haɗa jini da 'yar shaye-shaye ba." Ya matso. "Amma na ce mata ba ke ba ce. Ki zo ki rantse mata kawai, shi ke nan, maganar aurenmu tana nan."

Auta ta dube shi kamar yau ta fara ganinsa.

"Mu biyu Umma ta haifa. In ba ni ba ce, wace ce?"

"Ba wanda zai..."

"Yaya ce ke nan! Da mijinta da 'ya'yanta! Ita da ta kwana riƙe da ni ina amai?"

"Hasken idona, ki tausaya mini. In na rasa ki..."

"Kai ka ce in faɗi gaskiya, wata za ta tsira. Yanzu kuma in je in rantse a kan ƙarya?"

Ƙarar keken ɗinki ta tsaya. Umma ba ta ko juyo ba.

"Ɗan nan, sannu da ƙoƙari. Ka rufe fuska ka bar gida a buɗe. A gaida mutan gida."

Ya juya ya dubi Auta.

"In cire fim ɗin?"

"Bar shi," ta ce a hankali. "Na riga na biya."

Ya tafi. Sai da takunsa ya ɓace ta kifa kanta a cinyar Umma, ta yi kukan da ba ta yi a gabansa ba.

Washegari zare ya ƙare wa Umma. Auta ta yafa gyale ta ce ita za ta sayo. Matan layin na tsaye a bakin shago, suka yi tsit da ganinta. Ita ta fara gaishe su, ɗaya bayan ɗaya.