Sallama a Ƙasan Teku

"Wallahi kada ka sake ce min Zulfata!"

Zakiyyu ya tsaya turus a bakin soro, ƙafa ɗaya ciki ɗaya waje, ledar lemo na reto a hannunsa. Tun da yake zuwa zance gidan nan bai taɓa ganin idon Zulfa ya yi ja haka ba.

"Subhanallahi... me na yi?"

"Inna ta aika wa Kawu Harisu. Ta ce manyanka su dakata, kada wanda ya zo ranar Juma'a."

Ledar ta suɓuce, lemo ya gangara ƙarƙashin benci, babu wanda ya bi ta kansa.

Zakiyyu ɗan Zango ne, yana da ɗan shago kusa da tashar Daura inda ake tura wa mutane fina-finai a waya. Amma abin da ya fito da sunansa shi ne fassara. Yakan samo katun ɗin Japan, ya shige ƙuryar shagon da makirfo, ya ɗora wa kowa murya da Hausa. Shi ne tsoho, shi ne budurwa, in akwai kare a fim ɗin ma shi ne. Japananci kuwa ko gaisuwa bai iya ba, rubutun Turancin da ke ƙasa yake bi, inda rubutu ya ƙare ya ƙarasa da nasa.

Zulfa na son sa, so irin wanda ba ya ɓoyuwa. Ko sunansa aka kira a gida sai ta hau gyara ɗankwalin da bai goce ba. Inna Barakatu ce dai ta daɗe tana taɓe baki, wai ita ba ta gane sana'ar da namiji zai wuni yana maƙale murya kamar mace ba. Da ƙyar ta yarda a turo.

"Sabon fim ɗin da ka turo min shekaranjiya," in ji Zulfa. "Na 'yan fashin teku."

"Eh, wanda suka yi nutso neman jirgin yaƙi. Bai yi ba ne?"

"Na kunna wa Inna."

Ita ma ba ta kalla ba kafin nan, ɗoki ne ya ɗebe ta. So take Inna ta ji da kunnenta cewa aikin nan aiki ne. Ta jingina wayar a jikin turmi, Inna na murza ƙuli-ƙuli tana leƙe ta wutsiyar ido.

Da farko abin ya tafi daidai. Wasu 'yan fashi ne na zamani, da jirginsu mai gudu da na'urori, wani attajiri ya ɗauke su haya su ciro masa akwatin ƙarfe daga cikin jirgin yaƙi mai tafiya a ƙarƙashin ruwa, wanda ya nitse tun yaƙin duniya. Har Inna ta murmusa da jin shugabansu yana faɗa da muryar dillalin shanu. Sai suka sa kayan nutso suka sauka. Suka fasa ƙofar jirgin, suka haska fitila. Ga ma'aikatan jirgin nan zaune a kujerunsu, sun zama ƙasusuwa cikin kaki.

Shugaban ya dafa kafaɗar ɗaya daga ciki. Sai muryar Zakiyyu ta fito tar, cike da shaƙiyanci: "Kai malam, tashi an iso Kongolam! Wannan barci haka, ko kifi ne ke yi maka tausa?"

Inna ta miƙe. Ta goge hannunta a zani, ta shige ɗaki, ta bar mai a kan wuta.

Zulfa ta dube shi, hawaye ya zubo. "Kongolam fa ka ce, Yaya Zakiyyu. Har can bakin iyakar Nijar Inna ta raka Yaya Sha'aban ya hau mota."

Zakiyyu ya zauna a kan benci ba tare da ya san ya zauna ba. Ya san labarin sarai. Sha'aban ne ɗan farin Inna, ya bi ta Nijar zuwa Libiya neman na kansa, daga can ya shiga kwalekwalen da bai kai gaci ba. Abokin tafiyarsa da ya tsira ne ya bugo waya ya faɗa. Babu gawa, babu kabari. Da mutane suka taru yin ta'aziyya Inna ta naɗe tabarmi, ta ce ita ba ta ga abin da za a yi mata gaisuwa a kai ba. Har yau in wata ta kuskure ta ce mata "ya haƙuri", sai ta amsa da zancen tsadar gyaɗa.

"Na rantse miki ban tuna ba," ya ce a hankali. "Wurin nan babu magana a fim ɗin, Zulfa. Shiru ne kawai. Mu kuma a aikinmu ba a barin shiru. In ka bari, gobe a dawo maka da waya a ce fim ya lalace, sauti ya ɗauke. Duk inda baki ya rufe sai ka cusa abin dariya... hannuna ya saba, bakina ya saba."

"To ga inda sabon ya kai mu."

"Bari in shiga in durƙusa mata."

"Ka shiga ina? Gaban Inna?" Duk da kukan sai da ta harare shi. "Kai da in ka hango ta a layi kake canza hanya? Tana jin takunka za ta ja ƙofa. Ka taɓa ganin suruka ta zauna tana musayar magana da mai neman 'yarta?"

Gaskiya ta faɗa. Tsakaninsa da Inna sai gaisuwa daga nesa, yana tsugune kansa a ƙasa, ita kuma ta amsa tana kallon bango.

"Zulfa... in ta ce a'a har abada fa?"

Ta daɗe tana murza bakin mayafinta. "Ina son ka, ka sani. Ban taɓa son kowa haka ba. Amma ɗa guda teku ya cinye mata, ba zan zama ta biyun da za ta tafi ta bar ta da ciwo ba. In ta ce a'a, a'a ɗin ce."

Ya tashi ya fita, ko sallama bai iya yi ba.

Kwanakin da suka biyo baya gidan ya yi tsit. Inna na aikinta, Zulfa na taya ta, magana ba ta wuce "miƙo min tire". Zakiyyu bai zo ba, bai kira ba. Zulfa ta yi fushi, ta huce, ta sake yin wani fushin. Ita ce ta ce kada ya kira ta Zulfata, amma ai ba ta ce kada ya kira gaba ɗaya ba!

Siddiƙa ƙawarta, wadda mijinta ke da shagon caji a tasha, ita ta kawo mata labari.

"Mutuminki fa ya zauce. Shagonsa a rufe, yana bisa babur. Zango, Kongolam, har garin Babban Mutum an gan shi."

"Yana me?"

"Bin masu tura fim yake shago-shago, yana roƙon su goge na 'yan fashin nan. Wai zai kawo musu wani. Suna ta yi masa dariya, sun ce wanda ya fi kowanne tafiya a kasuwa shi zai kashe da hannunsa."

Zulfa ta sunkuyar da kai don kada Siddiƙa ta ga fuskarta, amma ta gani.

Ranar Laraba da la'asar ya yi sallama a soro. Ya rame, ya yi duhu, muryar nan da ake yabo ta dushe. Ya miƙa mata ɗan memori a naɗe cikin takarda.

"Waɗanda suka riga suka shiga wayoyin mutane ba ni da iko da su," ya ce. "Amma daga yau wannan za a riƙa turawa. Ki fara kalla ke kaɗai. In kin ga zai ƙara mata ciwo, ki jefa a murhu."

"Ka ci abinci kuwa?"

"Ki kalla tukuna."

Ta kalla a ɗaki, ta kifa fuska a filo ta yi kuka mai isarta. Sannan ta wanke ido ta samu Inna a tsakar gida tana tsince gyaɗa, ta durƙusa.

"Inna, ya aiko da ban haƙuri."

"Wa?"

Zulfa ta dubi ƙasa. Inna ma ta san wa.

"Yana ina ban haƙurin?"

"Yana cikin waya. Ya ce ba shi da fuskar da zai tsaya gabanki, muryar da ta yi laifin ita ya turo."

"Ajiye can."

Wayar ta kwana a kan taga, ta wuni. Zulfa ta zuba gishiri a koko, ta ƙona tuwo, Inna na kallonta. Sai washegari da yamma, bayan ta shafa addu'ar la'asar, tana zaune a kan dardumarta ta ce, "Ke, kunna abin nan in ji."

Zulfa ta kai daidai wurin. 'Yan fashin suka fasa ƙofa, suka haska fitila, ƙasusuwan nan na zaune inda suke. Babu wanda ya yi magana. Ƙarar ruwa kawai ake ji da numfashin masu nutso, aka daɗe a haka har Zulfa ta ji bugun zuciyarta.

Shugaban ya dafa kafaɗar mamacin. Muryar da ta fito ba ta dillalin shanu ba ce, ta Zakiyyu ce tsurarta, wadda yake gaida manya da ita.

"Assalamu alaikum, mutanen wannan gida. Kun riga mu, mu ma muna tafe."

Ɗaya ɗan fashin ya juyo. "Shugaba, mu kwashe su mu kai su tudu?"

"Bar su. Nan ma ƙasar Allah ce. Iyayensu ba su san inda suke kwance ba, amma Shi ya sani, bai ɓatar da ko ɗaya ba. Allah ya jiƙan 'ya'yan mutane. Allah ya sanyaya zuciyar wadda ta raka, ta dawo gida tana jira."

Suka ɗauki akwatinsu, suka ja ƙofar jirgin suka rufe a hankali.

Carbin Inna ya tsaya a hannunta.

"Mayar baya."

Zulfa ta mayar. Suka sake ji.

"Wannan maganar," in ji Inna, idonta na kan wayar, "ta masu zanen ce ko tasa?"

"Tasa ce, Inna. Su ba su ce komai ba a wurin."

Inna ta gyaɗa kai. Leɓenta ya soma rawa, ta danne, ya ƙi dannuwa.

"Kullum in na rufe ido ina ganin yayanku yana ta yawo a ruwa, ba shi da wurin kwanciya. Ban taɓa ganin tekun nan ba, Zulfa, ban san yana da ƙasa ba... Ashe ana kwanciya a can. Ashe har sallama ana yi musu."

Sai kukan ya ɓalle, kukan da ta riƙe tun ranar da aka bugo waya. Zulfa ta rungume ta, suka yi ta yi su biyu a kan darduma, har kajin gidan suka gaji da jira suka shige akurki da kansu.

Da ta lafa, Inna ta share fuska da gefen hijabi. "Yana ina?"

Zulfa ta sunkuyar da kai. "Tun azahar yake soro. Jiya ma sai dare ya tafi."

"Ja'ira! Kika bar ɗan mutane da yunwa?"

Ta miƙe. Zulfa ta zaci ɗaki za ta shiga, sai ta ga ta nufi soro. Ba ta leƙa ba, ta tsaya daga bayan katanga inda ba za su ga juna ba, ta yi gyaran murya. Zulfa ta jiyo benci ya faɗi, alamar mutum ya zube ƙasa a rikice.

"Ina... ina wuni, Inna."

"Lafiya lau."

Zulfa ta dafe ƙirji tana addu'a kada bakin nan nasa ya sake kai su wani wurin.

"Inna," ya ce, "ya haƙuri?"

Inna Barakatu ta dafa katanga. Ta buɗe baki, ta rufe, ta sake buɗewa.

"Da godiya," ta ce. "Haƙuri da godiya."

"Allah ya jiƙan Yaya Sha'aban. Allah ya sa ya huta."

"Amin, ɗan nan. Amin." Ta ja numfashi mai tsawo. "Ka faɗa wa manyanka su zo gobe bayan an sauko Juma'a, zan aika wa Harisu. Za a shimfiɗa tabarmi. Su fara yi min ta'aziyyar ɗana, in an shafa, sai su yi maganar da ta kawo su."

Daga cikin soro babu abin da ya fito sai shessheƙa.

Inna ta juyo, ta tarar da Zulfa tsaye tana kuka tana dariya lokaci guda.

"Ke kuma kin tsaya kallona? Zuba masa tuwon, ki kankare inda kika ƙona."