Tukunyar da Ke Hagun Ƙofa

Ku yaran yanzu, kun iya zuba kalaman so a waya, amma da uwa ta ɗaga gira sai bakinku ya mutu. To ku zauna ku ji abin da shiru ya jawo wa Gunadi, a ƙauyenmu na bayan garin Klaten.

Gunadi na son matarsa Ratmi, ba mai musun wannan. 'Yarsu ta fari ba ta daɗe a duniya ba ta koma. Ranar haihuwarta, kamar yadda kowa ke yi a wajenmu, shi da kansa ya wanke mabiyiyar, ya sa a tukunyar ƙasa, ya binne a hagun ƙofa tunda mace ce. Maƙabarta da nisa, don haka nan Ratmi ke tsugunawa kullum da safe, ta share wurin, ta ajiye fure.

Sai aka sa ranar auren ƙanwarsa. Uwarsu, Bu Darmi, ta rantse ba za ta tarbi surukai 'yan birni cikin taɓo ba, sai an shimfiɗe tsakar gida da tubalin daɓe. Gunadi ya sayar da babur ɗinsa, kuɗin suka narke a yashi da tsakuwa da tubali. Mai aikin ya ce in za a kewaye wurin tukunyar, sai an yanka tubali an yi masa baki, lada zai ƙaru.

"Don tukunya?" in ji Bu Darmi, tana duban Gunadi. "Kai ma an binne taka, ka taɓa zuwa gaishe ta?"

Ratmi ta samu mijinta a bayan ɗaki, ta cire 'yan kunnenta ta miƙa masa.

"Mas, mijina, wurin bai kai faɗin tabarmar salla ba. Sayar da waɗannan a cika."

Ya mayar mata, ya ce ta kwantar da hankalinta, zai yi wa Ibu, wato uwarsa, magana. Bai yi ba.

Ranar aikin Bu Darmi ta aike ta kasuwa sayo wa ma'aikata kofi da tempe, wainar waken soya. Kafin ta dawo injin daɓe ya bi ta wurin, an jera tubali har bakin ƙofa, duk launi ɗaya. Ta durƙusa tana shafawa, ta rasa wanne za ta ajiye wa furen. Ba ta ɗaga murya ba. Ta dafa abinci, ta ciyar da ma'aikatan, ta gaishe da surukarta, sannan ta tafi gidan iyayenta.

Biyayya ga uwa wajibi ce, ni ce ta farkon faɗa. Amma namijin da ya ce wa matarsa "bar mini" ya ɗauki amana, kuma tsoro ba biyayya ba ne.

Ana jibi biki Gunadi ya ɗauko ƙarfe ya shiga ɓamɓare tubali, uwarsa na kansa tana kuka. Nauyin inji ya riga ya farfasa tukunyar. Ya tsince gutsattsarin a gefen zanensa, ya taka da ƙafa har gidan su Ratmi, ya durƙusa ya zube su a gabanta.

Ta biyo shi, don ita mai haƙuri ce. Wurin nan yau furanni ne, ba mai takawa. Shi kuwa, surukan birni ta gefen rami suka wuce suna tattare zane, uwarsa ta haɗa kayanta ta bi amarya, kuma har ta rasu ba ta sake kwana a gidansa ba.