Kusoshi Takwas a Bayan Jussara

Ranar da Nivaldo ya fara ganin Jussara, ƙarya ta yi masa.

Asabar ce da rana, a gidan wasan shawagi da ke gefen babban titin Pinheiros a São Paulo. A tsakiyar ɗakin akwai dogon bututun gilashi, kamar rijiyar da aka tsayar a kan ƙasa, manyan fankoki na huro iska daga ƙarƙashi da ƙarfin da ke ɗaga mutum sama kamar wanda ya diro daga jirgi. Shekara shida ke nan Nivaldo yana koya wa mutane tashi a ciki.

Jussara ta zo ne rakiyar ƙawarta Luciene. Sai ga ta a gaban kantar karɓar baƙi tana cike takardar shiga. Inda aka tambaya ko an taɓa yi wa mutum aiki a baya, ta rubuta a'a. Alƙalamin ya suɓuce mata. Maimakon ta sunkuya, sai ta dafa kantar, ta durƙusa a miƙe sambal kamar sanda, ta ɗauko.

Nivaldo ya matso, ya yi ƙasa da murya. "Wata nawa?"

"Wata nawa me?"

"Da aka yi miki tiyatar."

Ta kalle shi sama da ƙasa. "Kai likita ne ko boka?"

"Mai koyarwa ne kawai. Amma haka mahaifiyata ke ɗaukar abu daga ƙasa."

"Huɗu," ta ce a fusace. "Ƙarfe biyu, kusoshi takwas. Bas ce ta kwashe ni a kan babur ina kai wa mutane abinci. Ka gamsu?"

"Na gamsu. Ba za ki shiga ba."

"Minti ɗaya fa! Wata huɗu kowa na riƙe ni kamar ƙwai. Minti ɗaya nake so in ji jikina ba nauyi."

Idanunta sun ciko, amma ba ta bari hawayen ya zubo ba. Wannan ne ya kama Nivaldo. Ya juya takardar, ya rubuta lambarsa a baya.

"A ciki dole ki lanƙwasa bayanki, iska kuma ba ta san tausayi ba. Ranar da likitarki ta sa hannu, ki kira ni. Ni da kaina zan shigar da ke."

Da yamma saƙo ya shigo wayarsa.

"Likita ba ta sa hannu ba. Na dai rubuto ne in gaya maka ba ka da kirki, Mai Gadi."

Ya amsa: "Na karɓa, Mai Ƙarfe. Kin ci abinci?"

Daga nan abu ya kankama. Duk Talata shi ke kai ta asibitin gashin ƙashi, ya zauna a benci yana ƙirga mata taku. Ranar Lahadi su shiga kasuwar unguwa su sha ruwan rake, yana tafiya ta gefen da mutane ke turereniya don kada wani ya bangaje ta. Ita ta yi ta tsokanarsa, shi ya yi ta dariya.

"Jiya na yi mafarki muna tashi tare," ta rubuta masa wata rana.

"A mafarkin likita ta sa hannu?"

"Allah ya shirye ka."

"Amin, in dai tare da ke."

Mahaifinta, Seu Osmar, wato Malam Osmar a yarensu, mai gyaran firji ne a unguwar Itaquera. Kwana goma sha tara ya yi a kujerar asibiti lokacin da ba a san ko za ta sake taka ƙasa ba. Ranar da Nivaldo ya zo cin abincin Lahadi, mahaifiyar Jussara, Dona Neide, wato Uwargida Neide, ta cika masa faranti da shinkafa da wake da soyayyar kaza. Seu Osmar bai taɓa nasa ba.

"Aka ce kai jefa mutane sama kake yi."

"Riƙe su nake yi, Seu Osmar."

"Ni na wanke yarinyar nan da hannuna tana da shekara ashirin da huɗu. Ka san haka? Duk samarin garin nan, sai wanda zai sa mata sha'awar karya sauran bayan?" Ya juya ga 'yarsa. "Ba da yawuna ba."

"Baba, shi ne fa ya hana ni..."

"Hana ki me? Wato har kin je ma!"

Ya ture kujera ya fice. Dona Neide ta dubi Nivaldo ta ce, "Ci abincinka, ɗana. Tsoro ne ke magana."

Akwai wata Kátia a wurin aikin Nivaldo, ita ma mai koyarwa, wadda suka taɓa soyayya da shi shekara biyu kafin nan. A iska babu wanda ya kai ta iya juyi. Wata rana Jussara na zaune a bakin gilashi tana jiran ya tashi daga aiki, sai Kátia ta zauna kusa da ita tana warware gashi.

"Ke ce mara lafiyar tasa ko? Nivaldo akwai tausayi. Ko kare ya gani da ɗingishi sai ya kai shi gida." Ta yi murmushi. "Amma kin san mutum ya fi daɗewa da wadda za su tashi tare. Ranar Alhamis ba ya zuwa aiki. In kina so, ni ba na tsoron ƙarfe."

Maganar ta kwana uku tana cin Jussara. Ranar Laraba ta rubuta masa: "Tsakani da Allah, so na kake yi ko tausayi?"

Yana cikin bututu da ɗalibai, bai gani ba sai bayan awa biyu. Ya amsa da wasa: "Duka biyun, Mai Ƙarfe."

Ta karanta, ta kife wayar.

Ranar Alhamis da hantsi Nivaldo na wanke mota, sai wayarsa ta yi ƙara. Seu Benedito ne, dattijon da ke sarrafa ƙarfin iskar.

"Yarinyarka tana nan tana sa kayan tashi. Kátia ta ce mini likita ta yarda. Gaskiya ne?"

"Kada ka kunna! Seu Benedito, don Allah kada ka kunna!"

"Akwai mutum biyu a gabanta, kuma manaja na tsaye a kaina. Ka yi sauri."

Nivaldo ya bar famfo a buɗe. Cunkoso ya tare shi a kan gada, ya ajiye motar a gidan mai, ya tsayar da ɗan acaɓa. Yana kiran wayarta tana ta ƙara a cikin akwatin ajiyar kayan masu tashi.

Da ya shigo da gudu, tana sama.

Tana kwance a kan iska, hannuwa a buɗe, kumatunta na rawa, tana dariya a cikin hular kwano. Bai taɓa ganin ta haka ba. Daƙiƙa biyu ya tsaya, har zuciyarsa ta so ta yi murna.

Sai Kátia ta yi mata alama da yatsa ta ƙara lanƙwasa baya. Jussara ta tura ƙugu ƙasa. Nan take dariyar ta ɗauke. Bakinta ya buɗe, ƙafarta ta hagu ta saki, iska ta kama gefe ɗaya ta fara juya ta zuwa gilashi.

A wurin babu mai jin ihun wani. Nivaldo ya buga tagar Seu Benedito, ya yi masa alama da tafin hannu: a hankali, a hankali. In aka kashe iskar gaba ɗaya, faɗowa za ta yi a kan ragar ƙarfe. Ya faɗa ciki da rigar wankin motarsa, babu hula, babu tabarau. Iska ta cika masa ido da hawaye. Ya sa kafaɗa tsakaninta da gilashin, ya tallafi ƙirjinta da hannu ɗaya, cinyoyinta da ɗayan, ya riƙe ta a miƙe kamar katako har ƙarar ta mutu.

"Kada ki motsa, Ju. Kada ki motsa."

"Nivaldo," ta ce da wata ƙaramar murya, "ba na jin ƙafata."

A asibiti Seu Osmar ya sami Nivaldo a baranda. Bai yi tambaya ba, ya ci kwalarsa ya haɗa shi da bango.

"Na gaya maka! Ban gaya maka ba?"

Nivaldo bai ɗaga hannu ba, bai kuma ce ba shi ne ba. Gani yake laifinsa ne tun daga amsar da ya ba ta ranar Laraba.

"In ta rasa ƙafar nan, kada ka bari mu haɗu. Fita."

Awa huɗu aka yi ana jiran hoton ƙashi. Dokta Harumi, wadda ta yi mata tiyatar, ta shigo fuska a ɗaure.

"Kusoshin suna nan inda na sa su. Jijiya ce ta matsu ta kumbura. Ina sa ran ƙafar za ta dawo, amma ban yi alkawari ba. Jussara, wa ya ce ki yi wannan haukan?"

Jussara ta dubi mahaifinta, hawaye na gangara cikin kunnenta.

"Ni ce. Baba, ni ce. Na zaɓi ranar da ba ya nan don na san ba zai bari ba. Sau biyu na yi ƙarya a takardarsu. Shi ya kama ni da farko, shi ya tare ni yau."



Kwana tara ƙafar ba ta motsa ba. Nivaldo bai zo ba, tunda Seu Osmar ya kore shi, amma kullum da safe saƙonsa na isowa.

"Na amsa miki da wasa a inda bai kamata ba. Ba tausayi ba ne. In kin tashi, ina son ki. In kin zauna a keke, ina son ki, sai dai ki yi haƙuri da tuƙina."

A rana ta goma ta aiko masa da bidiyo na daƙiƙa biyar: babban yatsan ƙafarta na hagu yana motsi, muryar Dona Neide a baya tana kuka tana godiya ga Allah.

A wannan makon ne Seu Osmar ya rufe shagonsa ya tafi Pinheiros shi kaɗai. An riga an sallami Kátia. Ya nemi Seu Benedito ya nuna masa abin da kyamara ta ɗauka. Sau uku ya kalla. Da ya fito, ya tarar da Nivaldo a bakin ƙofa, har yanzu da shacin gilashi a kafaɗa.

"Ka shiga ba hula," in ji dattijon.

"Babu lokaci, Seu Osmar."

Seu Osmar ya gyara tsayuwa. "Neide ta ce tana dafa wake ranar Lahadi. Ni dai saƙo na kawo."

Sai da tiyatar ta cika wata goma sha biyar Dokta Harumi ta sa hannu, da sharuɗɗa cike da shafi guda. Jussara ta tashi minti ɗaya, iya tsayin ƙugun Nivaldo, hannunsa bai bar rigarta ba. Seu Osmar na manne da gilashi, yana ta ihun "Ya isa!" babu mai jin sa. Tana fitowa, ta cire hula ta tarar da Nivaldo a durƙushe da zobe.

"Tashi, kana ba ni kunya," ta ce tana kuka. "Eh. Na ce eh!"

An ɗaura auren a watan Mayu, a ƙaramin cocin unguwarsu. Rigar da Jussara ta zaɓa buɗaɗɗiya ce ta baya, tabon aikin a fili tun daga kafaɗa har ƙugu. Dona Neide ta so ta rufe shi da mayafi, amarya ta ce a bar shi. Seu Osmar ya riƙo hannunta tun daga ƙofa, yana tafiya a hankali har sai da ta raɗa masa, "Baba, mutane na jin yunwa."

A gaban limamin cocin ya tsaya, ya ƙi sakin hannun.

"Sa mana albarka, Baba," in ji Jussara.

Dattijon ya ɗauki hannunta ya ɗora a na Nivaldo, ya haɗa su cikin tafukansa masu kanta.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da 'ya'ya masu jin magana." Ya share ido da bayan hannu, ya dubi ango. "Ita ba ta ji, ɗana. Na yi iya nawa. Yanzu kai da ita."

Coci ya fashe da dariya, aka amsa da amin.