Jan Zare a Bakin Takalmi

Ranar da ya fara zuwa shagon da ɗingishi ya shigo, dogayen takalmansa suna ta cakwal-cakwal, kowane taku sai ya bar shatin ruwa a siminti.

Ita kuwa tana kan benci da fata a cinya. Sunanta na yanka ya daɗe da ɓacewa a layin, kowa Basilla yake ce mata, don iya ɗinkinta da kuma kaifin bakinta. Shagon na babanta ne, amma tun da idonsa ya yi rauni ita ke yanka ita ke ɗinki. Tsohon yana zama a bakin ƙofa ne, yana gane fata mai kyau da shafar hannu.

"Sannu da aiki. Ina mai shagon?"

"Ga ta kana kallo. Cire su a waje, ka jiƙa min ɗaki."

Ya cire. Ƙafafun sun yi fari fat, sun yamutse, ga bororo a dunduniyar hagu. Ya ce aikinsa kai magani ne ƙananan asibitocin ƙauye a kan babban babur, ta hanyar da mota ba ta bi idan damina ta sauka. Rafi uku yake tsallakawa kafin ya isa. Takalman kuma a babban kantin bakin titi ya saye su, wurin mutumin nan da ake kira Mai Gilashi, wanda ya rantse masa ko kogi ya shiga da su ɗigo ba zai taɓa shi ba.

Basilla ta juya takalmin, ta cusa yatsa a gefen harshensa, sai ga yatsan ya leƙo ta ciki.

"Ga ƙofar ruwan nan a buɗe. Harshen ba a ɗinke yake da jikin takalmin ba. Taka wannan takardar."

Ta zagaye ƙafafunsa da fensir, ta haɗa zanen biyu, ta yi dariya a karon farko.

"Malam, ƙafarka ta hagu ta fi ta dama girma. Shekara nawa kana azabtar da baiwar Allah?"

Bai sani ba. Shekara ashirin da takwas yana yawo da ita, sai yau wata ta gaya masa. Ya tsaya yana kallon yarinyar, ya manta da zafin bororon.

Ta ce ya dawo da la'asar bayan ya wuni a kan babur, don a lokacin ƙafa take kumbura ta nuna ainihin girmanta, kuma ya zo da safa mai kauri irin wadda yake tafiya da ita. Ya dawo. Washegari ma ya dawo, wai ko awon bai yi daidai ba. A zuwa na huɗu tsohon ya yi gyaran murya daga bakin ƙofa.

"Yaro, ƙafar nan taka kullum girma take ƙarawa ne?"

Daga nan aka koma waya. Ta sa masa suna Hagu, sunan kuma ya bi shi.

"Basillata, na iso rafi na biyu. Ruwa ya kai gwiwar babur. Ina tunaninki."

"Ka yi tunanin hanya tukuna, Haguna. Ni ina nan, ba inda za ni."

Mako uku ta yi a kan takalmansa. Ta yi wa hagu faɗinta, ta yi wa dama nata. Ta ƙarfafa ƙasan yadda zai iya miƙewa tsaye a kan babur a hanya mai gargada tafin ƙafarsa bai yi ciwo ba. Ta sa kariya a ƙwauri da idon sawu, ta ninka fata a inda yatsu ke ɗaga giya. A ciki ta shimfiɗa yadin nan mai hana ruwa shiga amma ya bar gumi ya fita, ta ɗinke harshen har sama, ta bi kowane layin ɗinki da kakin zuma. A can bakin takalmin, daga sama, ta yi wani ɗan ado da jan zare wanda ba ta taɓa yi wa kowa ba.

Da zai karɓa ta yi masa gargaɗi uku: kada ya shanya su a bakin wuta, ya riƙa shafa musu kaki, kuma wandonsa na ruwa ya sauko ta kansu, kada ya kuskura ya cusa shi ciki. Ya ce to. Idonsa dai yana kan jan zaren.

Matsalar daga gidansu ta taso. Da ya kai wa Ummansa maganar aure, sai ta ajiye carbinta.

"Shumeka? Duk 'yan matan garin nan ka rasa sai wadda take durƙusawa gaban ƙafar kowane ƙato? In dole sai ita, to ta ajiye aikin nan. Surukata ba za ta wuni tana shaƙar safar maza ba."

Shi kuma, Allah sarki, ya ɗauko maganar ya kai shago a sanyaye, har yana tambaya ko za ta ɗan huta na shekara ɗaya kawai, hankalin Umma ya kwanta.

Basilla ta soke basillarta a jikin benci.

"Hagu, kalle ni. A kan bencin nan ka same ni. Da shi na riƙe Baba, da shi na warkar maka da ƙafa. Ina sonka, wallahi ina sonka, har ba na son faɗa. Amma in sai na yanke hannuna zan shiga gidanku, ka gaishe min da Umma."

Ya juya ya fita. Kwana biyu ba wanda ya nemi wani.

Mai Gilashi kuwa abin nema ya samu. Dama ya daɗe yana aiko wa Basilla da kyaututtuka ana mayar masa, ga shi kuma masu manyan babura sun fara wuce kantinsa suna shiga lungun tsohon. Ya tako da kansa yana ƙamshin turare.

"Ki aure ni ki huta da warin gam. Kujera mai juyawa zan sa miki a kanti."

"Ka ajiye ta ga masu dawo maka da takalma. Suna da yawa, za su buƙaci wurin zama."

A makon ne Hagu ya yi tafiyar kwana uku cikin ruwan sama kamar da bakin ƙwarya. Ya dawo da zazzaɓi, ƙafafunsa sun jiƙe sharkaf. Umma da kanta ta zare masa takalman, ta tuntsurar da ruwan da ke ciki. Kafin azahar Mai Gilashi ya baza labari a layi cewa aikin 'yar tsoho yoyo yake.

Umma ba ta aiki kowa ba. Ta yafa mayafi, ta tako har shagon tana jan ƙafa, ta zubar da takalman a gaban jama'a. Hagu yana biye da ita, yana rawar sanyi yana ba ta haƙuri.

"Ga aikin da kika fifita a kan aure! Saura kaɗan ki kashe min ɗa."

Maƙwabta suka taru, har da Mai Gilashi yana murmushi daga baya. Tsohon ya yunƙura zai ba da haƙuri, 'yarsa ta dafa kafaɗarsa.

"Zauna, Baba. Ba mu yi laifi ba, ba za mu roƙi kowa ba." Ta juya, ta rusuna. "Umma, ina wuni. Ki ba ni zuwa la'asar. In ɗigo ɗaya ya ratsa ɗinkina, da hannuna zan rufe shagon nan, ba sai kin ce ba."

Ta tsane cikin takalman da tsumma har suka bushe. Ta cusa musu farar takarda, ta sa dutse a kowanne, ta tsayar da su a babban baho, ta zuba ruwa har ya kusa jan zaren. Sannan ta koma kan bencinta ta ci gaba da ɗinkin wani, kamar ba ita ake jira ba.

Da aka kira la'asar ta miƙa wa Umma takalmin.

"Ke za ki ciro, don kada a ce na yi dabara."

Umma ta zura hannu ta zaro takardar. A bushe take ƙamas, har tana ƙara. Ta duba ɗayan, haka. Aka nemi Mai Gilashi aka rasa.

Basilla ta juya ga Hagu, ta riƙe ƙugu.

"Ruwan nan ta sama ya shiga. Ina ka sa wandonka?"

Ya sunkuyar da kai.

"Ciki na cusa."

"Me na ce maka?"

"Kin ce kada in cusa."

"To?"

"Idan na sauke wandon, yana rufe jan zaren." Muryarsa ta yi ƙasa. "Mun yi faɗa, ba kya kirana. Shi kaɗai nake da shi a hanya. In na miƙe a kan babur na kalli ƙasa sai in gan shi."

Kwana uku ruwa yana bin wandonsa yana gangarawa cikin takalmi, bawan Allah yana kallon zare. Wani daga cikin maƙwabta ya fashe da dariya. Basilla ta buɗe baki za ta yi masa wankin babban bargo, sai hawaye ya riga maganar.

"Kai wawa ne, Hagu."

"Na sani, Basillata." Ya juya ga mahaifiyarsa, wannan karon bai yi rawar murya ba. "Umma, ki gafarce ni. Ita zan aura, kuma da bencinta. Ni na yi kuskure da na nemi ta bari."

Tsayuwar ta gajiyar da Umma, ta zauna a kan kujerar awo don ita ce kusa. Basilla ta kalli ƙafafunta, sun kumbura sun cika silifas, igiyar ta nutse a fata.

"Umma, tun yaushe takalmi yake cin ki haka?"

"Na manta rabon da in sa wanda bai ci ni ba," in ji ta a hankali.

Basilla ta ɗauko takarda da fensir, ta durƙusa a gabanta, irin durƙuson nan da aka ce abin kunya ne. Umma ta daɗe tana kallon kan yarinyar. Can ta zare silifas ɗin, ta ɗora ƙafarta a kan takardar.

Bayan damina aka ɗaura aure. Umma ta wuni a tsaye tana karɓar baƙi cikin takalmi mai laushi, duk wadda ta tambaya sai ta ɗaga ƙafa ta ce, "Aikin 'yata ne." Tsohon ya haɗa hannayen ango da amarya, ya ce Allah ya yi musu albarka, ya ba su zaman lafiya da zuriya ta gari, ya tsare mai tafiya ya dawo da shi. Aka shafa.

Kwana bakwai da biki amarya ta koma kan bencinta. Da hantsi saƙo ya shigo daga rafi na biyu.

"Wando yana waje, ranki ya daɗe. Ƙafa a bushe. Amma ba na ganin zarena."

Ta yi murmushi, ta goge kakin da ke yatsanta, ta rubuta:

"Duba bakin safar hannunka ta hagu, mijina."